Kakar Kwalta: Tsokaci daga Kankiya da Kusada

A ƙasar Kankiya da Kusada babu wani aiki mai nauyi da ake somawa ba a dubi sama ba. Manomi ba ya shuka sai ya tona ƙasa ya ga laima ta sauka inda yake so. Magini ba ya buga tubali da marka. Mai haƙar rijiya yakan jira ƙarshen rani, lokacin da ruwan ƙasa ya ja baya iyakar jansa, domin rijiyar da aka tsayar da haƙarta da kaka ƙafewa take yi kafin bazara. Hatta aure akan ɗaga shi zuwa lokacin da rumbu ya cika. Aiki ɗaya na sani da ake yi mana ba tare da an tambayi lokaci ba, shi ne kuma mafi tsada a cikinsu duka, wato shimfiɗa kwalta.

Mai karatu zai iya tambayar abin da ya haɗa manazarcin Hausa da kwalta. Sa'ad da nake tattara kalmomin yanayi da na sana'ar gini domin kundin digirina na biyu, na zauna da tsofaffin magina a garuruwanmu, na kuma yi ta bin hanyoyin da ke sada su, a mota da a kan babur, rani da damina. Abin da magina suke faɗa mini da baki, sai na riƙa ganin hanya tana maimaita shi da ramukanta. Daga baya na nemi injiniyoyi, na karanta abin da na iya fahimta na fanninsu, na tarar da cewa ƙa'idojin da suka rubuta da lambobi ba su yi nisa da abin da Bahaushe ya adana a cikin sunayen lokutan shekara ba. Wannan shi ne dalilin wannan rubutu.

Ita kanta kalmar kwalta baƙuwa ce, daga Ingilishi ta shigo, kuma asalinta sunan baƙin man da ake tatsa daga kwal ne. Yau ba shi ake amfani da shi ba. Abin da muke kira kwalta yanzu shi ne kaurin da ke saura a gindi bayan an tace ɗanyen man fetur, kuma matatar Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, an gina ta da sashen fitar da shi. Sunan dai ya zauna, kamar yadda sunaye suka saba zama bayan abin da aka raɗa wa su ya wuce. Iri biyu ake shimfiɗawa a wajenmu. Akwai dafaffiya, wadda ake gauraya baƙin man da tsakuwa da yashi da garin dutse a injin dafawa, a ɗauko ta a tifa, a baje, rola ta bi ta daɓe. Irinta ce a kan babbar hanyar da ta taso daga Kano ta ratsa Gidan Mutum Ɗaya da Kankiya da Caranci zuwa Katsina. Akwai kuma ta feshi, inda ake fesa baƙin man a kan daɓaɓɓiyar marmara, a watsa tsakuwa a kai, a danne. Ita ce rabon mafi yawan hanyoyin karkara, don ta fi araha. Kowacce da irin yanayin da take so, amma sun haɗu a kan maƙiyi ɗaya, shi ne ruwa.

Dafaffiyar kwalta tana fitowa daga inji da zafin da ya kai digiri 150 zuwa 165. Daga wannan lokaci tsere ake yi da sanyi. Dole rola ta gama danne ta kafin zafinta ya sauka ƙasa da kimanin digiri 80, domin daga nan ta daskare, ko an yi ta birgima a kanta ba za ta ƙara matsewa ba. Shimfiɗar sama ba ta cika wuce kaurin santimita 4 ko 5 ba, saboda haka saurin hucewa gare ta. Idan iska na kaɗawa kuma ƙasa da sanyi, abin da ke hannun mai rola bai kai rabin sa'a ba. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, in ji Bahaushe, kuma a nan maganar ba ta buƙatar fassara. Kwaltar da ba ta matsu ba takan bar ƙananan kafofi a cikinta waɗanda ido ba ya gani. Injiniyoyi sun ce idan kafofin suka haura kashi 8 cikin 100, sai su haɗe da juna su zama hanyar ruwa. Ranar buɗe hanya ba wanda zai gane, baƙa ce wuluk, sumul. Sai damina ta zagayo asirin yake tonuwa.

Damina a tsakiyar Jihar Katsina gajera ce. Takan kama sosai a watan Yuni, ta yi ƙarfi a Agusta, ta ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Wata huɗu ke nan cikin goma sha biyu. Ƙasashen da ke fama da ƙanƙara suna ƙirga 'yan watannin da za su iya aikin hanya, mu kuwa Allah ya ba mu kusan wata takwas na busasshiyar ƙasa. Duk da haka na ga an zuba kwalta da marka, ba sau ɗaya ba.

Wadda ta fi tsaya mini a rai wata 'yar hanya ce da ta sada ƙauyen kakannina na wajen uwa da babban titi. Shekaru mutanen suna roƙo, har aka ba da kwangila. Aka yi rani ba a ga kowa ba. Da gero ya kai gwiwa sai ga katafila da gireda. A cikin Agusta aka fesa kwalta, wata rana ma da yayyafi, leburori sun lulluɓe da buhuna, tururi na tashi daga ƙasa kamar an zuba ruwa a kasko. Mutanen gari suka fito kallo da murna, ban kuma ga laifinsu ba, wanda ya shekara talatin yana tura amalanke cikin taɓo ba zai tsaya tambayar wata ba. Wani tsohon magini da muke tsaye tare ya daɗe bai ce komai ba. Na ce, "Baba, ka yi shiru." Ya ce, "Ɗan nan, ko soro aka yaɓe a kan jiƙaƙƙen bango, ɓamɓarewa yake yi. Wannan kuwa mota za ta hau." Damina ta biyu ba ta ƙare ba sai da tsakuwar ta kwashe, ta tattaru a gefe, tsakiyar hanyar ta koma kududdufai a jere. Hanyar da ta lalace bayan kwalta ta fi burji muni, domin bakin raminta kaifi gare shi, kuma ba a iya bin ta da gireda a daidaita. Direbobi suka daina shiga, kuɗin babur ya ninka. A wannan daminar ce aka fito da matar ɗan kawuna tana naƙuda cikin dare, tafiyar da ba ta wuce minti 20 zuwa asibiti ba ta ci fiye da sa'a guda. Ta rayu, abin da ke cikinta bai zo da rai ba. Ba zan ce hanya ce ta yi sanadi ba, kwana na Allah ne. Amma tun daga ranar na daina ɗaukar maganar lokacin zuba kwalta a matsayin maganar injiniyoyi su kaɗai.

Abin da ya faru da wannan hanya ba asiri ba ne. Baƙin mai ba ya kama jiƙaƙƙen dutse, dutse ya fi son ruwa a kan mai, don haka ruwa yakan shiga tsakaninsu ya raba su. Kafin a shimfiɗa komai kuma, akan fesa wa marmara wata tsinkakkiyar kwalta da aka sirka da kananzir, a bar ta kwana ɗaya ko biyu ta ratsa ƙasa ta bushe. Da marka ina za a sami waɗannan kwanaki? In ruwa ya sauka a kanta, wanke ta yake yi zuwa gonakin gefe. Mafi muni shi ne laimar da aka rufe a ƙarƙashi. Kwalta ba ita ke ɗaukar nauyin mota ba, murfi ce kawai. Ƙasar da ke ƙarƙashinta ita ce mai ɗauka, kuma ba ta iya ɗauka sai tana bushe. Wannan shi ne abin da John McAdam, mutumin Sikotilan da aka san shi da gyaran hanyoyin Ingila a farkon ƙarni na 19, ya dage a kai. Idan aka rufe jiƙaƙƙiyar ƙasa da murfin da ba ya numfashi, an ɗaure laima ke nan a ciki, kowace mota ta wuce sai ta ƙara dama ta.

A nan ne nake ganin daɓe ya fi kowane littafi bayani. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san yadda mata ke taruwa daɓen ɗaki. A baje tsakuwa da jar ƙasa, a yayyafa ruwa, a bi da madaɓi ana bugu ana waƙa, a bari ya sha iska, a sake yayyafawa, a sake bugu, daga ƙarshe a zuba makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, don ya toshe kafofi ya ƙara ƙarfi. Kakata, Allah ya jiƙanta, ita ce ake kira ta duba ruwa. Takan dunƙule ƙasar a hannu. In ta ruguje, ta ce a ƙara ruwa. In ta manne wa tafin hannu, ta ce a dakata rana ta sha. In ta tsaya curi ba ta jiƙa hannu ba, ta ce a buga. A 1933 wani injiniya a birnin Los Angeles na Amurka, Ralph Proctor, ya wallafa gwajin da ake yi har yau a kowane ɗakin gwajin ƙasa, wanda ke nuna cewa kowace ƙasa tana da gwargwadon laimar da ta fi matsuwa a kai, in ta gaza ba ta haɗuwa, in ta wuce sai ta yi ta zillewa a ƙarƙashin nauyi. Ba ina cewa dunƙulen kakata zai maye gurbin ma'auni ba. Ina cewa ne mutanen da ake yi wa hanyar sun san ƙa'idar, ba a dai taɓa gaya musu cewa ita ce ba.

To, wane lokaci ne ya dace? Magina sun raba mini amsar, ba su ba ni wata ɗaya ba, kuma haka injiniyoyi. Aikin ƙasa, wato cikowa da daɓen marmara da gina kwalbati, babu kamar a fara shi da kaka, daga tsakiyar Oktoba. Ruwa ya ɗauke, zafin agazari ya tsotse saman ƙasa, amma da sauran laima a ciki, kududdufai da madatsun ruwa kuma cike suke, tankar yayyafi ba za ta yi nisa ba. Wanda ya bar wannan aiki har Maris, zai sayi ruwa a lokacin da mutane da dabbobi ke layi a bakin rijiya, kuma abin da aka yayyafa da safe kafin rola ta iso ya tashi. Ɗan kwangila mai son riba sai ya rage tanka, ya daɓe busasshiyar ƙasa. Sai dai fadama ba ta bin wannan lissafi. Laka tana riƙe ruwa har cikin ɗari, tana kumbura da damina ta tsage da rani, don haka inda hanya ta ratsa fadama haƙuri ake yi, jigawa a fara da ita. Kaka kuma tana da nata cikas: lokacin girbi ne, lebura tsada gare shi, kuma a lokacin ne manyan motoci ke fita da hatsi zuwa Dawanau, ba wanda zai yarda a tare masa hanya.

Ita kuwa shimfiɗar kanta, daga Nuwamba zuwa Fabrairu sama a tsare take, babu fargabar hadari. Amma hunturu abokin tafiya ne mai sharaɗi. Da asuba a Disamba da Janairu sanyi kan sauko kusa da digiri 12, wani lokaci ƙasa da haka, ga iska busasshiya mai zuƙe zafin kwalta tun tana cikin tifa, musamman in daga nesa aka ɗauko ta ba a rufe da tamfol ba. Ga ƙura. Buji in ya kwana ɗaya yana sauka, sai ya shimfiɗa wa hanya gari kamar an barbaɗa, kwaltar da aka zuba a kan wannan gari da shi ta manne, ba da hanya ba, irin yadda ake barbaɗa gari a faifai don kada fura ta kama. Saboda haka a ɗari ba watan kaɗai ake zaɓa ba, har da sa'a. A share, a jira hantsi ya ɗaga ƙasa ta ɗumama, a yi aiki daga walaha zuwa la'asar, a tashi kafin inuwa ta yi tsawo. Ranar da hazo ya rufe rana, gara a zauna. Na lura harshenmu ya fi agogo dacewa da wannan aiki, domin hantsi da walaha ba lambobi ba ne, matsayin rana ne, suna matsawa tare da ita.

Kwaltar feshi ta fi son ɗumi, don tana buƙatar ta daɗe da laushi har tsakuwa ta nutse a cikinta. A ganina ƙarshen Fabrairu zuwa Maris, bayan ɗari ya karye kafin bazara ta tsananta, shi ne lokacinta. Bazara sosai kuwa, Afrilu da Mayu, sa'ad da zafin inuwa ke kai digiri 40, baƙar hanya takan haura 60, alhali irin baƙin man da aka fi amfani da shi a ƙasar nan yana fara saki daga wajen digiri 50. Sabuwar shimfiɗa ba ta samun hucewa, in aka saki tirelolin da ke bin hanyar Jibiya da Maraɗi a kanta da wuri, sai tayoyi su yi mata kwari biyu kamar kunya. Ban manta da leburori ba. A 'yan shekarun baya azumi ya yi ta faɗowa cikin bazara, na ga mutum da baki a bushe yana baje abin da ya fi tafasasshen ruwa zafi. Kuma hadarin bazara ba ya sallama, guguwa ce sai ruwa.

Bazara tana da nata aikin dai. Lokacin yaɓe ne, kowane maigida yana hawa soro ya toshe tsaga ya gyara indararo kafin ruwan farko. Hanya ma abin da take so ke nan: a cike tsagoginta, a yashe kwalbati da magudanai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A wajenmu an fi ganin masu cike ramuka bayan damina, sa'ad da ƙadangaren ya riga ya yi ƙwai.

Me ya sa ake saɓa wa abin da kowa ya sani? Domin hanya kalanda uku take bi, biyu daga ciki ba ruwansu da sama. Ta farko ita ce ta kasafin kuɗi. Kasafin tarayya na 2017 sai ranar 12 ga Yuni Muƙaddashin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya sa masa hannu, na 2018 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa masa hannu ranar 20 ga Yuni. Kuɗi da ruwan shuka tare suka sauka ke nan. An gyara wannan da kasafin 2020, wanda aka sa wa hannu ranar 17 ga Disamba 2019, amma gyaran bai kai ƙasa ba, domin bayan kasafi akwai tallata kwangila, da tantance masu nema, da sakin kuɗin somin aiki. Abin da aka amince da shi a Janairu, da wuya injinsa ya tashi kafin Mayu. Ta biyu ita ce kalandar siyasa. Ana rantsar da gwamnati ranar 29 ga Mayu, kuma al'adar nuna ayyukan kwana 100 ta zauna daram. Duk wanda ya ƙirga zai ga kwana 100 daga 29 ga Mayu ya faɗa makon farko na Satumba. Tun daga ranar farko har ta ƙarshe cikin damina suke. Shugaban da ke son yanka kirtani a wannan rana, ko ya sani ko bai sani ba, da marka ya ba da umarnin a zuba.

Wani injiniya da muka yi makaranta tare ya ce mini in sassauta. Ya ce ɗan kwangila ya fi kowa sanin illar ruwa, amma hayar injuna kullum take tafiya, bashin banki ba ya jiran kaka, kuma ba a biyansa sai ya nuna abin da ya shimfiɗa. Ya ƙara da cewa ko da damina akan sami kwana uku ko huɗu a jere babu ruwa, mai lura zai iya cin moriyarsu, ga Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina tun farkon shekara, da na kwanaki. Na yarda da rabin maganarsa. Facin gaggawa a babbar hanya ba ya jiran Nuwamba, gara faci mai wata shida da ramin da zai kifar da mota. Inda muka rabu shi ne sabuwar hanya. Kwana uku na rana suna busar da sama ne, ba sa kai wa ga laimar da ke taki ɗaya a ƙasa, kuma ita ce mai kisan. In matsalar tsarin biya ce, tsarin za a gyara: a kammala takardu da damina, lokacin da dama ba a iya aikin fili, a saki kuɗi a Satumba, injuna su tashi tare da masu girbi.

Akwai rabon manazarta Hausa a nan, ko da kaɗan ne. Sharuɗɗan da suka hana zuba kwalta a jiƙaƙƙiyar ƙasa ko cikin ruwa suna nan a rubuce a takardun kwangila, amma da Ingilishi, a cikin durowar ofis. Dagaci da limami da shugaban matasa, waɗanda ke tsaye a bakin aikin kullum, ba su san suna da abin kafa hujja ba. Ba ma buƙatar ƙirƙirar kalmomi masu yawa don isar musu da shi. Daɓe yana nan, laima tana nan, da yaɓe, da shan iska, da hucewa. A cikin abin da na tattara daga magina da mata masu daɓe, da ƙyar na sami wata ƙa'ida ta shimfiɗa hanya da ba ta da takwara a bakinsu, in ban da ma'aunin zafi. Takarda ɗaya da Hausa, ko minti 10 a gidan rediyo kafin a fara aiki, ya isa mutanen gari su san ranar da ya kamata su je su ce a dakata.

Allon da ake kafawa a bakin kowane aiki yana ɗauke da sunan gwamnatin da ta bayar, da ma'aikatar da ke kula, da kamfanin da ya karɓa. Na daɗe ina so a ƙara masa layi ɗaya, da Hausa: watan da aka daɓe ƙasa da watan da aka zuba kwalta. Da an yi haka shekara goma a Kankiya da Kusada kaɗai, da ɗalibi mai babur da littafin rubutu zai iya zagayawa ya ƙirga hanyoyin Agusta da na Disamba, ya ga waɗanne ne suka rage.